Zanen Monita

A layin tantance 'yan fansho Malama ta fara jin maganar. Mata biyu ne a bayanta, tsohuwar nas da wata da ta yi aikin buga takardu a ofishin ruwa, kuma tun da aka buɗe ƙofa bakinsu bai huta ba. Wai akwai wani mutum a saman kantin magani, daura da tashar bas, yana da wata takarda mai gida-gida da yake zana farashin hannun jari a kanta. Wai shekara uku ke nan, duk abin da takardar ta ce a saya sai ya tashi. Ko sau ɗaya ba ta taɓa kuskure ba.

Malama ta waiwaya. "Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya, Hajiya," in ji nas ɗin. "Ɗan ƙanwata har mota ya saya."

"Kin shiga motar?"

"Na ga hotonta a waya."

"To, Allah ya sa hoton ba ya shan mai da yawa."

Suka yi mata irin kallon da ake yi wa tsohuwa mai baƙin ciki, suka ci gaba da hirarsu ƙasa-ƙasa. Ita ko a jikinta. Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyar da lissafi a sakandare, kuma duk tsawon lokacin nan, in takardar jarrabawa ta zo mata ba kuskure ko ɗaya, gefe take ajiye ta, ta nemo ta wanda ya zauna kusa da mai ita.

Da zancen ya wuce a nan, ba don matar autanta ta zo washegari da hantsi ba. Ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya, ta ƙi shan ruwan da aka kawo mata.

"Mama, in kin ji, ba a bakina kika ji ba."

"Mu biyu ne a ɗakin nan, 'yar nan. Faɗi."

Wai Auta shagon zai sayar. Shagon kafinta da marigayi mahaifinsa ya bar masa, da injin tsaga katako, da injin goge, da dogon teburin aikin da uban ya haɗa da hannunsa tun kafin a haifi yaron. Wata biyu ke nan Auta yana rufe shago da la'asar yana hawa saman kantin magani. Mai sayar da taya na gefe, wanda ya daɗe yana leƙen wurin, har ya zo da igiyar awo.

Malama ba ta jira rana ta yi sanyi ba. Ta samu Auta a tsaye bakin teburin, fensir a kunne, garin katako har gira. Shekararsa talatin da takwas, amma da ya gan ta sai ya jawo guntun falanki ya rufe wata takarda, kamar yadda yake yi da littafin zane a ƙarƙashin littafin lissafi.

"Ɗaga."

Ya ɗaga. Takarda ce mai gida-gida, an jera mata X da O sahu-sahu, wasu suna hawa, wasu suna sauka.

"Saboda wannan za ka sayar da shagon babanka?"

"Wa ya gaya miki?"

"Mai taya bai iya ɓoye igiyar awo ba."

Ya cire fensirin daga kunne, ya mayar. "Mama, kin san kujera nawa aka saya a wurina watan jiya? Biyu. Kowa ta roba yake so. Ba ta nauyi, gara ba ta cin ta, in ta karye a jefar. Ni kuma ina nan ina goge katako kamar mai jiran gawa ta motsa. Yarana uku."

Ta mayar da idonta kan takardar.

"Kuma mutumin ɗalibinki ne," in ji shi. "Kullum sai ya ce a gaishe ki. Ya ce in an ce Monita za ki gane."

Ta gane. Siririn yaro mai zama a gaba, mai goge allo tun ba a ce ba, wanda rubutunsa ya fi ƙwaƙwalwarsa tsabta.

"Yau sha ɗaya ga wata," ta ce. "Ba ni zuwa ƙarshensa. Kada ka sa hannu a komai."

"Me za ki yi?"

"Zan duba masa aiki."

"To, Mama."

Ta san irin wannan "to" ɗin. Ita ta haife shi. Amma ta karɓa, don babu wani da za a ba ta.

Matakala ashirin da biyu ce zuwa saman kantin maganin, gwiwarta ta ƙirga mata su. Ɗaki ne dogo mai fanka biyu, da kujerun roba kamar talatin, ta ko lura da su. Bango duk zane-zane ne a cikin gilashi, irin yadda ake rataye takardun shaida. Mutane na fitowa daga darasi, direbobi, ma'aikata, wata mai ɗinki da ta sani, kowa da takardarsa a naɗe, kowa yana "sai gobe, Farfesa."

Farfesan ya yi tumbi, gashi ya ja baya, amma da ya gan ta sai da ya rusuna har ƙasa.

"Malama. Da kanki? Ai da aikowa kika yi."

"Tashi, Monita. Koyo na zo."

Murna ta kama shi, ta gaskiya, ba ta ɗan kasuwa ba. Ya goge mata kujera da hannun riga, ya jawo allo.

"Abu ne mai sauƙi, Malama. In farashi yana hawa, X nake jerawa sama, gida bayan gida. In ya juya, sai in matsa sahu na gaba in jero O ƙasa. Amma ba duk tarin da kasuwa ta yi nake rubutawa ba. Sai ya sauko gida uku cur kafin in yarda ya juya."

"Ina kwanan wata?"

"Babu. Ai shi ne daɗin abin. In farashi ya yi wata biyu yana barci, takarda ma barci take. Ba ruwanmu da rana, motsi muke bi."

"Zane ba lokaci," ta ce. "Da a ajina ne, da ɗaya daga cikin ƙwallayen nan naka zan ba ka, sifili."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya kai ta gaban wani zane a bango. "Duba nan. Ya hau ya bugi ɗari da ashirin, ya dawo. Ya sake hawa ya bugi wurin, ya sake dawowa. A na uku ya wuce da gida ɗaya. Shi muke ce wa fasa rufi. Ranar da ya fasa, ranar ake saya, ba gobe ba." Ya nuna mata rufi biyu, da rufi uku, da wani da yake kira majaujawa, inda farashi ke fasawa, ya ja da baya kaɗan, sannan ya cilla. A kowane zane, bayan jan da'irar da ya yi, sahun X ya miƙe sama kamar an shuka shi.

"Gida ɗaya nawa ne?"

"Ya danganta da farashi." Ya nuna ƙa'idar a saman allo, an rubuta ta da fenti don kada a goge. Abin da bai kai hamsin ba, gida ɗaya maki ɗaya ne. Daga hamsin zuwa ɗari biyu, maki biyu. Abin da ya haura, biyar.

Akwai ɗan littafi da yake sayar wa ɗalibai, zanensa arba'in da ɗaya na shekara ukun, kowanne da sunan kamfani da shekara a sama. Ya so ya ba ta kyauta. Ta biya.

A bas ta buɗe shi. A ƙasan kowane shafi, can kusurwa, akwai wata 'yar lamba ta girman gida, da sai ta ɗaga tabarau ta kusanto da takardar kafin ta gani. Biyu. Biyu. Biyu. Biyar. Uku. Biyu. Biyar. Ta koma ta duba farashin. Duk tsakanin hamsin ne da ɗari biyu, inda ƙa'idar allo ta ce biyu kawai.

Babban ɗakin karatu na ajiye tsofaffin jaridu a ɗaure, wata-wata, kowane dami nauyin jariri. A shafi na biyun ƙarshe ake buga farashin rufe kasuwa na kowace rana, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Mai tsaron wurin ya gaji da sauko mata da su tun rana ta biyu, ya nuna mata tsani ya koma kan wayarsa. Sai ta sa ya bar mata su a ƙasa. Ta sayi takarda mai gida-gida ƙunshi biyu, da rula, da fensir, da jan biro irin wanda ta yi rantsuwar ba za ta sake riƙewa ba.

Na farko kamfanin siminti ne. Ta bi farashinsa rana-rana, ta jera X, ta jera O, kan gidan biyu kamar yadda ƙa'idar allo ta ce. Zanenta ya fito daidai da na Monita, gida da gida. Na biyu ma haka, na uku ma. Har ta ɗan ji wani abu mai kama da kunya.

Na huɗu kamfanin sabulu ne, farashinsa yana yawo wajen ɗari da talatin, amma littafin ya zana shi kan gidan biyar. Ta zana shi kan biyu. Sai ga fasa rufi har sau biyu waɗanda babu su a littafin, cikakku, ba abin da ya rage musu, kuma bayan kowanne farashin ya zube. Ta sake zanawa kan biyar don ta gani da idonta. Suka ɓace. A gidan biyu, saukar maki shida ta isa a buɗe sabon sahu. A gidan biyar sai sha biyar. Duk hawa da gangarar da suka haifi alamun nan biyu, babban gida ya haɗiye su, ya bar ta ukun kaɗai, wadda ta ci.

Ta sake hawa matakalar. Wannan karon da safe, ɗakin ba kowa sai shi yana feƙe fensir. Ta shimfiɗa masa takardun biyu gefe da gefe.

Ya duba a natse, yana gyaɗa kai. "Hannunki bai tsufa ba, Malama. Amma waɗannan biyun ba alamu ba ne, hayaniya ce. Da na ga abin da ya biyo baya, na gane gidan ne ya yi wa kamfanin ƙanƙanta. Sai na gyara."

"Bayan ya faɗi."

"To da yaya zan gane bai dace ba?"

Ta dube shi da kyau. Ta san fuskar maƙaryaci, ta ga dubunta a ɗakin jarrabawa. Wannan ba ita ba ce. Da ma ita ce, da ta fi sauƙi.

"Takardar farkon fa?"

"Mai kuskuren? Me zan yi da ita?" Ya nuna kwandon shara da haɓa.

"Waɗanda suka saya a kanta fa, ranar da ya fasa, ba gobe ba?"

"Kullum ina gaya musu su kula da girman gida. Wasu garaje ne da su." Ya yi murmushi, ya sassauta murya. "Ai ke kika koya mana, Malama. A aji uku. Kika ce in zane bai zauna a takarda ba, a sake ma'auni har ya fito da kyau. Nawa sau biyu kika yaga. Wallahi ban taɓa mantawa ba, kullum sai na faɗa wa ɗalibaina daga wurin wa na samo."

Gaskiya ne, ta faɗa. Ta faɗa wa aji bayan aji, shekara talatin da huɗu, da rula a hannu. Ta tattara takardunta ta fita. Sai a matakala ta goma sha ɗaya amsar ta zo mata, cewa ita ma'auni ta ce a sake, kafin a san amsa, ba bayan an gan ta ba. Ta tsaya ta dubi sama. Gwiwar ta ce ba da ita ba.

Da yamma matar Auta ta zo, ta tarar da teburin cin abinci ya ɓace ƙarƙashin takardu.

"Kin samu wani abu, Mama?"

"Na samu."

"To ki nuna masa yau. Don Allah."

"Huɗu na duba cikin arba'in da ɗaya. In na kai masa takarda ɗaya, cewa zai yi ɗaya ce, ga talatin da bakwai ban taɓa ba. Na san kayana. Sai na kai masa duka, yadda ba shi da ƙofar fita."

"Mama, ba ya barci. Da takardar yake cin abinci. Akwai wani kamfanin fenti da suke ta jira, wai ya bugi rufi sau biyu."

"Ya bugi goma. Ya ce mini ƙarshen wata, kuma saura kwana goma sha huɗu. Ban taɓa mayar wa aji takardun da ban gama dubawa ba, 'yar nan, ba a kan ɗana zan fara ba."

Matar ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Shi dai ba aji ba ne."

Malama ta ji, ta bar shi a matsayin rashin kunyar yaran zamani.

Kwana tara ta ƙara. Tana zuwa kafin a buɗe ɗakin karatu, tana fita sai mai tsaro ya fara kaɗa makullai. Idonta ya yi ja, yatsunta suka yi baƙi da tawadar jarida. Kowane kamfani kan gidan da ƙa'idar allo ta ba shi, ba sassauci. Duk inda rufi ya fashe ta yi da'ira. In farashi ya ci gaba da hawa ta sa alamar daidai, in ya juyo ya zube ƙasa da rufin ta ja jan layi. Ba ta tauye wa Monita ko ɗaya ba. Inda ya ci ta ba shi, har wurare biyu da take shakka ta bar masa. Aiki ne mai kyau, ta san haka, ya fi duk wanda ta yi tun da ta ajiye alli.

Ran Asabar, ashirin da shida ga wata, ta jera takardun a jakar leda, da jimilla a shafin sama, an ja mata layi biyu. Har da kwana huɗu a hannunta. Ta hau bas tana shirya yadda za ta fara.

Tun daga kwanar layin ta ji warin. Ba na katako ba. Wasu ƙarti biyu suna gangaro da taya daga bayan mota suna mirginawa cikin shagon. Inda injin tsaga yake sai ramukan ƙusoshi huɗu a siminti da wani fili mai haske da ƙura ba ta taɓa samu ba. Dogon teburin yana waje, a kan titi, ƙafafu sama, don ba wanda ya saye shi. Auta yana zaune a gefensa.

Ya miƙe. "Mama."

"Yau nawa ga wata?"

"Mama, ranar Alhamis ya fasa."

"Na ce yau nawa ga wata."

"Ya fasa rufi uku, Mama, mai tsabta, Farfesa ya ce bai ga irinsa ba bana. In na jira ƙarshen wata ya wuce. Mai taya kuma a shirye yake, a ranar muka gama." Ya zaro takarda daga aljihu, ta yi laushi don naɗewa da buɗewa. "Duba da kanki. Ke ai yanzu kin iya karantawa."

Ta karɓa. Kamfanin fenti, kan gidan biyu. Sahu uku na X, na ukun ya wuce 'yan'uwansa da gida ɗaya, an kewaye shi da ja. A gefensa kuma sabon sahu, da fensirin kafinta mai kauri: O, O, O, O.

"Wannan fa?"

"Na jiya ne. Ja da baya ne kawai. Wataƙila majaujawa ce."

"Duka ka zuba?"

Ɗaya daga cikin ƙartin ya ce, "Hajiya, ɗan matsa mana," ta matsa, taya ta wuce ta gaban ƙafarta.

"Me Farfesan naka ya ce?"

"Ya ce kada mu damu. Ya ce ranar Litinin zai sake duba girman gidan."

Jakar ledar tana hannunta, igiyar ta shige mata cikin yatsu. Auta ya dube ta, ya dubi jakar.

"Kin gama duba masa?"

"Na gama."

"To me kika samu?"

Ta ajiye jakar a kan cikin teburin, tsakanin ƙafafunsa huɗu, ta zaro shafin sama ta miƙa masa.

A zane arba'in da ɗaya, in an bi ƙa'idar da ke rubuce a allonsa, rufi ya fashe sau sittin da uku. Ashirin da shida sun hau. Talatin da bakwai sun zube. Babu ko ɗaya daga cikin talatin da bakwai ɗin a littafin. Ranar Litinin Monita ya sake zana kamfanin fenti kan gidan biyar, kuma a sabuwar takardar babu rufin da ya fashe ranar Alhamis.